LAMBUN BAYAN GIDA: Yaushe Ya Kamata A Shuka Pak Coi?

 

Idan mai karatu bai manta ba, a watan jiya da muke zancen ganyayen miya na ambaci wani baƙon ganye da nake shukawa a bayan ɗakina nan Tamale, wato pak coi, wanda wasu ke kira kabejin Caina. Ashe na taɓo wa mutane inda yake musu ƙaiƙayi. Wasiƙu sun zo daga Kumasi da Boku da Nima ta Ankara, kuma kusan duk kuka ɗaya ne: an sayi iri da tsada, an shuka, ya tsiro, sannan ya lalace. Wata baiwar Allah daga Kumasi ta ce nata tun yana da ganye biyar ya miƙa kara ya yi fure rawaya. Wani ɗan'uwa daga Boku ya ce nasa ƙonewa ya yi ƙurmus a cikin mako biyu, har ya fara zargin mai sayar da irin. To, ni dai ban ga irin da suka saya ba, amma da na duba watannin da suka ce sun yi shuka, sai na ga laifin ba na mai iri ba ne, na lokaci ne. Shi ya sa yau za mu zauna a kan wannan magana ɗaya.

Wane ne wannan baƙo?

Pak coi ɗan gidan su kabeji ne, amma shi ba ya dunƙulewa. Ganyensa kore ne mai santsi, gindin kowane ganye kuma yana da kauri da faɗi kamar cokali, ga ruwa. Asalinsa ƙasar Sin, inda aka fi shekara dubu ana nomansa, musamman a yankin kogin Yanze da kudancin ƙasar. Sunan daga harshen mutanen Kanton ya fito, ma'anarsa kuwa farin ganye. Iri biyu aka fi gani: akwai mai farin gindi da ganye kore shar, akwai kuma mai koren gindi wanda ake dangantawa da birnin Shanghai, wanda ya fi gajarta.

Abu uku nake so mai karatu ya riƙe game da halinsa, domin a kansu duk lissafinmu zai hau. Na farko, ɗan sanyi ne: ya fi jin daɗi idan zafi yana tsakanin digiri 15 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyos. Na biyu, kusan kashi 95 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, saiwarsa kuma ba ta nisa cikin ƙasa, don haka ƙishirwar wuni ɗaya tana nuna a jikinsa. Na uku, mai gaggawa ne: iri yakan tsiro cikin kwana 3 zuwa 7, ana iya cin ƙananansa a kwana 30, manya kuma a kwana 45 zuwa 60. Wato aikinmu shi ne mu nemo masa mako shida ko bakwai a cikin shekara waɗanda ba zafi mai tsanani, ba ruwan sama mai duka, kuma akwai ruwan ban ruwa a hannu.

Yadda na sha kashi sau biyu

Kada a ɗauka daga littafi kawai nake magana. Wani tsohon ɗalibina da ke aikin girki wa wasu 'yan Caina masu aikin hanya ne ya fara kawo mini irin, cikin wata 'yar takarda mai hoto. Ya ce, "Malam, ga wannan ka gwada, mutanen nan kullum sai sun ci shi." A bayan takardar akwai jadawalin watanni, an shafa wa Afrilu zuwa Agusta launi, alamar lokacin shuka ke nan. Ni kuwa malamin makaranta, abin da aka rubuta shi nake bi. Ina ganin ƙarshen Maris na gyara fangali na zuba iri.

Ya tsiro kuwa cikin kwana uku, har na kira uwargida ta zo ta gani. Amma kowa ya san Tamale a wannan lokaci. Kafin azahar ganyen ya kwanta kamar an zuba masa ruwan zafi, da yamma in na ba shi ruwa ya ɗan farfaɗo, gobe kuma a koma gidan jiya. Rabi ya mutu a mako na biyu. Waɗanda suka rayu suka tsaya cak ba girma, ganyen ya yi tauri, daga baya wasu suka fitar da kara. Da muka dafa ɗan abin da ya saura, ɗaci ya hana yara ci.

Ban daddara ba. Na ce tunda zafi ne ya kashe shi, bari in jira damina ta yi tsakiya. Na sake shukawa a tsakiyar Agusta, a ƙasa shimfiɗe ba tudu. Dare biyu da shuka aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe rabin irin ya kai shi bakin katanga. Sauran da suka tsiro, gindinsu ya riƙa yin baƙi yana sirancewa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka girma kuma suka ruɓe daga tsakiya suna wari.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya shekara fiye da talatin yana noman latas da kabeji a bakin dam. Da na kai masa kuka sai ya yi dariya ya ce, "Malam, kai da kake koya wa yara lissafi, ba ka tambayi takardar nan a wane gari aka rubuta ta ba?" Na ce, "Wallahi Baba ban tambaya ba." Ya ce, "To, je ka jira sai ka ga leɓenka ya fara tsagewa, sannan ka zo mu yi magana." Rashin sani ya fi dare duhu. A hunturun wannan shekarar na fara cin pak coi na lambuna.

Abin da ya sa takardar ta ɓatar da ni

Yawancin irin da ke zuwa mana cikin ƙananan takardu an shirya shi ne don masu lambu na Turai ko Amurka ko Gabashin Asiya, kuma matsalarsu daban da tamu. A Ingila, alal misali, abin da suke gudu shi ne sanyi da tsawon yini. Idan ƙaramin pak coi ya sha sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 na kwanaki a jere, sannan yini ya yi ta ƙara tsawo, sai ya ɗauka lokacin haihuwa ya yi, ya bar yin ganye ya miƙa kara ya yi fure. A Landan yinin watan Yuni yana wuce awa 16. Saboda haka masu lambunsu da yawa sukan jira sai tsakiyar shekara ta gota, daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta, sannan su shuka a fili.

Mu kuwa nan Tamale yininmu mafi tsawo bai kai awa 13 ba, mafi gajarta kuma ya haura awa 11 da rabi. A Kumasi da Ankara bambancin ma bai kai haka ba. Sanyin da ke sa shi fure kuwa da wuya mu gan shi. Abin da ke kashe mana shi zafi ne da ƙishirwa da dukan ruwan sama, kuma wahalar zafi da ƙishirwa ita ma tana iya tunzura shi ya yi fure tun bai isa ba, kamar yadda ya faru ga 'yar'uwarmu ta Kumasi. Watannin da takarda ta ce a shuka, farkonsu ya faɗa cikin bazararmu, ƙarshensu ya faɗa cikin marka. Saboda haka a karanta zurfin shuka da tazara a jikin takarda, amma jadawalin watannin a bar wa masu shi.

Kada kuma wani ya ce ai ganyen ƙasar sanyi ne, ba zai yi a nan ba. A Filifin da Malesiya da Tailan, ƙasashe masu zafi kamar namu, abincin yau da kullum ne, mutanen Filifin suna kiransa pecai. Sun dai san irin da ya dace da su, sun kuma san lokacinsa.

Lokacin shuka a Arewa

Ga mutanen Tamale, Yandi, Salaga, Wa, Bolga da Boku, babban lokaci shi ne hunturu. Amma a nan ma akwai wurin kuskure. Ruwa yakan ɗauke a cikin Oktoba, sai mutum ya yi ɗoki ya zuba iri nan take. Alhali tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar iskar hunturu akwai wani zafi mai gumi na 'yan makonni, ga kwarin damina ba su gama watsewa ba. Gara a yi amfani da wannan lokaci wajen gyaran ƙasa da zuba taki da gyaran shinge, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni shukata ta farko tana kamawa daga tsakiyar Nuwamba. A sani cewa ko a Disamba da Janairu ranar Tamale takan kai digiri 33 zuwa 35 da tsakar rana, wanda ya fi abin da ganyen ke so nesa ba kusa ba. Abin da ke cetonsa shi ne dare da safiya, lokacin da sanyi kan sauko ƙasa da digiri 20, ga kuma hazo da ke rage kaifin rana. Cikin wannan sanyin dare yake hutawa ya yi girma.

Ƙarshen lokacin kuwa da lissafi ake gano shi. Daga tsakiyar Fabrairu dare yakan fara ɗumi, zuwa Maris rana tana kai digiri 38 zuwa 40. Idan muna so mu gama girbi kafin 15 ga Fabrairu, kuma ganyen yana bukatar kwana 45, sai mu ƙirga baya, mu faɗa kan 1 ga Janairu. Wato wanda yake son manya, makon farko na Janairu ne shukarsa ta ƙarshe. Wanda ƙanana yake so na kwana 30 yana da dama har tsakiyar Janairu. Bayan nan a ajiye sauran irin, a koma ga alefu da ayoyo waɗanda ba sa tsoron rana.

Akwai kuma wata 'yar ƙaramar dama a farkon damina. Idan ruwa ya zauna a watan Yuni, gari ya yi sanyi, gajimare ya rufe rana, ana iya shukawa a kan tudu a girbe a ƙarshen Yuli, kafin manyan ruwan Agusta da Satumba. Na gwada sau uku, biyu sun yi kyau, ɗaya ruwa ya cinye. Ribar wannan lokaci ita ce ba a sayen ruwa, hasararsa kuma ruɓa da ciwon ganye.

Lokacin shuka a Kudu

Mutanen Kumasi da Taciman da Ankara, ku damina biyu gare ku: babba daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Yuli, wadda ta fi ƙarfi a Yuni, da ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Tsakaninsu akwai wannan hutu na Agusta, lokacin da gari ke lumshewa, ruwa ya ragu, zafin rana kuma ya tsaya wajen digiri 27 ko 28. Wannan shi ne lokacin da ya fi kowane sanyin rana a shekararku, kuma shi ya kamata ganyen ya yi girmansa a ciki. Saboda haka a shuka daga farko zuwa tsakiyar Yuli, da zarar manyan ruwan Yuni sun lafa, a girbe a ƙarshen Agusta.

Dama ta biyu ita ce daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, don a ci moriyar ɗan hunturun da ke leƙo ku a Disamba da Janairu. Hunturunku gajere ne, wata shekara ma da ƙyar ake ganinsa a bakin teku, don haka kada a makara. Fabrairu da Maris su ne watannin zafinku, a kauce musu. Masu zama kan duwatsu kamar Aburi da Abetifi da Amedzofe, Allah ya hutar da ku, lokacinku ya fi na kowa faɗi, sai dai ku lura da dodon koɗi a lokacin ruwa.

Kada a dogara da kalanda kaɗai

Duk waɗannan watanni da na lissafa jagora ne kawai, domin shekaru ba sa zama ɗaya. Wata shekara hunturu ya sauka tun Nuwamba, wata shekara sai an shiga Disamba sosai. Ga alamun da nake dubawa kafin in buɗe takardar iri. Idan ka fita sallar asuba ka ji kana neman mayafi, ruwan randa ya yi sanyin da alwala ke sa ka tsuke baki, iska ta juyo daga arewa maso gabas, kuma an yi haka kwana huɗu ko biyar a jere, to lokaci ya yi. Haka kuma ka sa bayan hannunka a kan ƙasar fangali da ƙarfe biyu na rana. Idan ba za ka iya barinsa ka ƙirga goma ba, jaririn tsiro ma ba zai iya ba, sai ka ƙara jira ko ka yi rumfa. Wanda yake da ma'aunin zafi irin na ɗakin kimiyya na makaranta, ya rataye shi a inuwa ya riƙa rubuta abin da ya nuna da asuba da azahar. Yarana na aji shida sun yi wannan aiki zango guda, kuma sun koyi zanen jadawali da shi fiye da yadda suka koya a allo.

Tambayi randarka kafin ka shuka

Ga wani lissafi da mutane ke mantawa da shi, kuma a Arewa shi ne ke yanke hukunci. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3, idan an ba da tazarar santimita 25, zai ɗauki gindi 48. A hunturu, da iskar nan mai busar da komai, irin wannan fangali a ƙasata yana shan kusan galan ɗaya na rawayan nan mai lita 25 a kowace rana, rabi da safe rabi da yamma. A kwana 45 galan 45 ke nan, wato lita 1,125, fiye da duro biyar da rabi na mai lita 200. Mun kuma san yadda ruwa ke wuya a unguwanninmu idan rani ya yi nisa, famfo ya yi shiru, rijiya ta ja baya, dam ya koma laka. Wannan ma wani dalili ne na shuka da wuri: wanda ya shuka a Nuwamba yana girbi tun ruwa yana kusa, wanda ya kai Janairu kuwa zai riƙa rabon ruwa tsakanin lambu da tukunyar uwargida, kuma kowa ya san wanda zai yi nasara.

Ruwan wankin shinkafa da na wankin ganye da na alwala duk suna da amfani, a tara su. Amma ruwan kwata kada a kusance shi, domin wannan ganye ba a daɗe ana dafa shi, wasu ma ɗanye suke ci. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa tsakanin tsirrai, yana rage shan ruwa ƙwarai.

Sai kuma mutum ya dubi kalandar gidansa. Pak coi ba ya yafe kwana biyu ba ruwa. Idan ka san za ka yi tafiya a hutun ƙarshen shekara, ko dai ka shuka yadda za ka girbe kafin ka tashi, ko ka tabbata akwai wanda zai tsaya masa da gaske. Masu son su same shi a lokacin azumi kuma su tuna watan yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, bisa lissafi na 2026 wajen 18 ga Fabrairu, na 2027 kuma wajen 8 ga Fabrairu, gwargwadon ganin wata. In an ƙirga kwana 45 baya daga 8 ga Fabrairu za a faɗa kan makon ƙarshe na Disamba. Wato shekarun nan masu zuwa azumi yana shigowa cikin lokacin ganyen sosai.

Kaɗan-kaɗan, ba gaba ɗaya ba

Kuskuren da na yi a shekarar da na fara samun nasara shi ne zuba iri duka rana ɗaya. Gindi arba'in da wani abu suka isa girbi cikin mako guda, muka ci, muka raba wa maƙwabta, sauran suka tsufa a tsaye. Ganyen ba ya jira a lambu, in an yanke kuma ba ya wuce kwana biyu ba tare da firji ba. Yanzu nakan raba fangali uku, in shuka kashi ɗaya duk bayan mako biyu: tsakiyar Nuwamba, farkon Disamba, tsakiyar Disamba, in na farko ya tashi kuma in sa na ƙarshe a wani sabon wuri a farkon Janairu. Ta haka gida ba ya rasa ganye daga ƙarshen Disamba har tsakiyar Fabrairu. Bugu da ƙari, in wata shuka ta gamu da tsautsayi, sauran suna nan.

Irin ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya fiye da 300, don haka takarda ɗaya ta ishi gida shekara guda. Kafin ranar shuka da mako ɗaya, a ɗauki ƙwaya 10 a naɗe cikin tsumma mai laima a ajiye a inuwa. In bayan kwana biyar bakwai ko takwas sun tsiro, irin yana da rai. In uku ne kawai, a nemi wani tun lokaci bai ƙure ba. Zafi da laima suna kashe iri, saboda haka a ajiye sauran cikin kwalba mai murfi a wuri mai sanyi.

A yi shuka da yamma bayan la'asar, cikin ƙasar da aka jiƙa tun safe. Zurfin kada ya wuce santimita ɗaya, wato rabin gaɓar yatsa. Ni na fi son in shuka a inda zai zauna, ƙwaya uku a rami, in sun yi ganye uku in rage in bar ɗaya, waɗanda na cire kuma su shiga miya. Dashe yana yiwuwa idan tsiron ya yi mako biyu zuwa uku, amma a ɗauke shi da ƙasarsa, da yamma, domin taɓa saiwarsa na cikin abin da ke sa shi fure da wuri. Takin kaji ko na shanu sai wanda ya ruɓe sosai, a haɗa shi da ƙasa mako biyu kafin shuka.

Lokaci da kwari

Zaɓen lokaci yana da hannu a yaƙi da kwari. Babban abokin gaban dangin kabeji wata 'yar koriyar tsutsa ce, 'yar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi mai launin toka, wadda ke huda ganye ta bar shi kamar rariya. A ƙasa mai zafi takan kammala rayuwarta daga ƙwai zuwa uwa cikin kamar mako biyu zuwa uku, ruwan sama yana rage ta, rani kuma yana yawaita ta. Ke nan duk yadda rani ya yi nisa haka rundunarta ke ƙaruwa, musamman in akwai masu kabeji kusa da kai. Haka ma darɓa, ƙananan kwarin nan masu taruwa a bayan ganye. Shukar Nuwamba takan tsere musu, ta Janairu kuwa da su za ta yi zama.

Ban ba da shawarar a ruga ga maganin feshi ba. Wannan tsutsa ta yi suna wajen gagarar magani: tun a 1953 aka ba da rahoton ta gagari DDT a tsibirin Jawa na Indunusiya, kuma daga lokacin ta gagari magunguna da dama. Ga shi ganyen kwanansa kaɗan ne, a bakin yaranmu kuma zai ƙare. Abin da ya fi mini amfani shi ne tsohon gidan sauro marar huji, a kafa sanduna a lulluɓe fangalin tun ranar shuka, a danne gefensa da duwatsu. Yana hana kwari, yana hana kaji da zabi da ƙadangaru waɗanda a rani ba sa ganin kore su ƙyale, yana kuma rage rana da iska. A wanke shi sosai tukuna. In tsutsa ta riga ta shiga, a tsince ta da hannu da sassafe, ko a daka 'ya'yan darbejiya kamar giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa da yamma, a kuma daina mako guda kafin girbi saboda ɗaci. Kada a shuka pak coi a inda aka tashi kabeji.

In dole sai an shuka ba a lokacinsa ba

Akwai masu sayar wa gidajen abinci waɗanda ake nema wurinsu duk shekara. Su sai su nemi mai koren gindi, domin ya fi jure zafi, kamar wanda ake sayarwa da sunan Mei Qing Choi. A cikin masu farin gindi kuma Joi Choi ya yi suna wajen jinkirin fure. Dukansu irin aure ne da kamfani ke haɗawa, wanda ake rubuta wa F1, don haka 'ya'yansu ba sa fitowa kamar iyaye, ba a ajiye irinsu. A bazara a yi rumfar zana ko ganyen kwakwa mai barin rabin haske, a zaɓi gefen gabas na ɗaki inda rana ke barinsa tun azahar, a kuma girbe shi ƙarami a kwana 25 zuwa 30. A damina a ɗaga fangali ya kai taƙi guda, a yi masa hanyar ruwa. Wanda ba shi da fili, tsohon bokiti ko buhun siminti da aka wanke aka huda gindinsa ya isa gindi biyu ko uku, kuma ana iya ja da shi inuwa ko ƙarƙashin baranda.

Da zarar ka ga tsakiyar wani gindi ta fara tsawo tana nuna kan fure, yanke shi ran nan, kada ka jira. Karan da furen duk ana ci tun suna da taushi. Girbi da sassafe ya fi. A gidanmu uwargida takan yanka shi ta soya sama-sama da albasa da tafarnuwa da ɗan attarugu, gindin ya riga ganyen shiga tukunya, minti uku ko huɗu an sauke. Yana shiga miyar gyaɗa daf da saukewa, yana kuma tafiya da wake da shinkafa. Yana da sinadarin bitamin A da C da K, da kalsiyam mai gina ƙashi, ga shi yana zuwa a daidai lokacin da ɗanyen ganye ke tsada a kasuwar Aboabo.

Shawarata ta ƙarshe ita ce kowa ya sami ɗan littafi na lambu. A rubuta ranar shuka, ranar tsiro, ranar girbi, da abin da ya faru tsakani. Shekara biyu ko uku in ka yi haka, littafinka zai fi wannan fili sanin bayan gidanka, domin ƙasar Sabon Zango ba ita ce ta Boku ba. Masu gwadawa bana kuma ina roƙo su rubuto mana ta hannun edita su faɗi garinsu da ranar da suka shuka da yadda ta kaya, ko ta yi kyau ko ba ta yi ba, don mu haɗa mu amfanar da juna.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake haɗa takin gargajiya a rami da sharar gida da kashin kaji. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai sauƙi, amin. Haza wassalam.